Ƙidayar laifi a New York: abin da ta gyara da abin da ta ɓata

Duk mai ganin cewa da zarar an kawo kwamfuta da alƙaluma cikin aikin ɗan sanda komai ya gyaru, ya tsaya ya duba New York. An kafa rundunar 'yan sandan birnin a 1845, yau tana da jami'ai fiye da 30,000 da ofisoshin yanki fiye da 70. A 1990 kaɗai an kashe mutum 2,245 a birnin. A 1994 sabon kwamishina William Bratton da mataimakinsa Jack Maple suka kawo tsarin CompStat na ƙidayar laifi da kwamfuta.

Kowane mako, kowane ofishin yanki zai aika adadin manyan laifuka bakwai: kisa, fyaɗe, fashi, jikkata mutum, fasa gida, babbar sata da satar mota. A ɗora su a taswira, layi-layi, har da lokacin da abin ya faru. Sai a kira shugaban yanki, kwatankwacin DPO a wajenmu, zuwa hedikwata da sassafe, ya tsaya gaban manya, taswirar yankinsa na haske a allo. An yi fashi uku a kwana ɗaya ta titi bayan sha biyun dare, wa ka tura? An kama wani? Wanda aka kama an tambaye shi inda ya samo bindigar? Wanda ya yi ta kame-kame sai a ɗauke shi daga kujerar.

Wannan ɓangaren ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, domin ya hana shugaba cewa bai sani ba. Kisa ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da 300 a 2017, kodayake laifi ya ragu a sauran biranen Amurka ma, don haka ba a ba CompStat ladan duka.

Ɓarnar ta shigo ne da ƙarin girma ya rataya a kan lamba. A dokar New York, satar abin da ya haura dala 1,000 ita ce babbar sata. To an sace wa mace jaka da waya, sai mai rubuta rahoto ya karya kuɗin kayan su dawo ƙasa da 1,000, ko ya rubuta cewa yarwa ta yi. Fasa gida ya koma shiga gida ba izini. Wani a yi ta masa jeka-ka-dawo har ya haƙura. Tunda ba a rubuta ba, ba mai bincike, ɓarawon kuma yana nan a unguwar. Adrian Schoolcraft, ɗan sanda a yanki na 81 a Brooklyn, ya naɗi muryar manyansa suna ba da irin wannan umarni. A Oktoban 2009 aka ɗauke shi daga gidansa aka kai shi sashen masu taɓin hankali, ya kwana shida. Daga baya binciken rundunar kanta ya gaskata yawancin abin da ya faɗa.

Sai kuma lambar nuna ƙwazo. A 2011 'yan sanda sun tare mutane a titi don tambaya ko caje sau 685,724, kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba, akasarinsu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. A 2013 mai shari'a Shira Scheindlin ta ce yadda ake yin haka ya saɓa wa tsarin mulki. Taren ya ragu zuwa ƙasa da 13,000 a 2016, laifi kuma bai tashi ba.

Ni a ganina, wanda za a auna da lamba bai kamata shi ne mai rubuta ta ba. A sa masu bincike daga wajen rundunar su ɗauki kiran gaggawa na 911 su gwada da rahoton da aka shigar, su buga wa masu ƙara waya su ji ko abin da suka faɗa shi aka rubuta, su kuma duba rajistar asibitoci ta waɗanda aka harba ko aka daɓa wa wuƙa. Gawa da raunin harsashi ba sa ɓoyuwa, don haka yankin da waɗannan ba su ragu ba amma sata ta ragu da rabi, daga nan za a fara buɗe fayil.