Rigar Sanyin Auta

Tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 na yi wa kaina alkawari cewa sabon kaya ba zai sake shiga gidana ba, sai dai goro da gishiri, waɗanda har yanzu ba a fara sayar da gwanjonsu ba. Kekena na hannu ne, rediyona ma sai da ta yi iyayengiji biyu kafin ta iso gare ni. Duk lokacin da uwargida ta yi ƙorafi nakan tuna mata cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, ita kuwa takan ce a kan sutura take magana.

Da hunturun bara ya kankama, har ruwan randa ya zama abin tsoro da asuba, sai na hau keke ranar Lahadi na nufi kasuwar Gujungu domin in nemo wa autana, ɗan shekara huɗu, rigar sanyi. Na tarar an kwance sabuwar dila, mutane sun yi mata caa kamar kaji a kan tsaba. Masu kuɗi suka tsince na sama, ni kuwa na jira har bayan la'asar, domin farashin gwanjo tare da rana yake faɗuwa. A ƙasan tarin na ci karo da wata 'yar riga ja mai kauri, cikinta laushi kamar auduga, babu tabo, babu yagewa. Mai kayan ya ce naira 3,000, na taya 800, muka ja har 1,500, ya sallama da wani irin sauri wanda ya kamata ya sa ni tunani. Ni dai na ce wannan rabo ne, Allah ya ajiye mini.

A gida aka fara jidali. Hannayen rigar gajeru ne, kuma dukansu a gaba suke, kusa da juna; gabanta ya tsaya a cibiya, bayanta kuwa ya sauka har gwiwa, ga wani zoben ƙarfe a gadon baya. Na yi wa iyalina bayani cewa ɗinkin Turawa ke nan, zoben kuma na ratayewa a ƙusa ne. Kwana uku yaron yana yawo hannayensa a miƙe gaba kamar mai tuƙa babur, kuma, a faɗi gaskiya, ko atishawa bai yi ba.

A rana ta huɗu ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya zo gaisuwa. Yana durƙusawa ya hango auta, gaisuwar ta maƙale masa a wuya. Ya juya wuyan rigar, ya nuna mini hoton da nake ɗauka fure ne, ashe sawun ƙafa ne, ga ƙashi a gefensa.

"Kawu, ka yi haƙuri," in ji shi, "wannan rigar kare ce. Zoben nan na igiya ne."

Uwargida ta saki muciya ta yi salati. "Malam, ɗan nawa ka mayar kwikwiyo?" Da sanda ta ɗauki rigar ta jefa bayan rumbu.

Na garzaya wurin liman, wanda ya kwantar mini da hankali cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wankin sau bakwai kuwa na ƙwaryar da ya sa baki a ciki ne. Sai dai ya ƙara, yana danne dariya da gefen rawani, cewa mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, da gwanjo ya je saye, da duba wuyan riga aka umarce shi.

Naira 1,500 ba ta kwana a bayan rumbuna. Akwai ɗan ragon da nake kiwo domin layya, wanda sanyi ya sa shi tari, sai na gwada masa. Ta zauna masa daram kamar tela ya auna shi, zoben ma ya sami igiyarsa. Shekaranjiya maƙwabcina ya leƙo ta kan danga ya taya ta naira 2,000, na ce masa albarka.