Kofi biyu da takardun bogi: nasiha daga labarin 'yan ƙwallon matan Ikwatoriyal Gini

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Ikwatoriyal Gini 'yar ƙaramar ƙasa ce da ke maƙale tsakanin Kamaru da Gabon, tana da wani tsibiri cikin teku inda birnin Malabo yake. Mutanenta kaf ba su kai miliyan 2 ba, birnin Kano kaɗai ya fi su yawa. Amma a watan Nuwamban 2008 'yan matan wannan ƙasa suka yi abin da ya gagari Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu shekara da shekaru. Tun da aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta nahiyar Afirka a 1991, babu ƙasar da ta taɓa ɗaga kofin sai Najeriya. Su kuwa, a gasar da aka yi a ƙasarsu, suka fitar da Najeriya da ci 1 da nema a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Afirka ta Kudu da ci 2 da 1, kofi ya kwana a Malabo.

Na san wani zai ce me ya haɗa nasiha da ƙwallon mata. Hukuncin wasan da sharuɗɗansa magana ce ta malamai, ba ita na ɗauko ba. Na ɗauko labarin ne saboda ciwon da ya kayar da ƙungiyar nan yana cikin gidajenmu, kuma mun saba da shi har mun daina jin zafinsa.

Bayan kofin farko tauraronsu ya ci gaba da haskawa. A 2010 suka kai wasan ƙarshe a Afirka ta Kudu, Najeriya ta rama da ci 4 da 2, amma hakan ya ishe su samun gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2011 a Jamus. A 2012 gasar Afirka ta sake dawowa ƙasarsu, suka ci wasanninsu biyar duka, suka zura ƙwallo 18 ba a zura musu ko ɗaya ba, suka rufe da lallasa Afirka ta Kudu 4 da nema. Kyaftin ɗinsu Genoveva Anonma, haifaffiyar garin Kogo a can ƙasar, ita aka zaɓa gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka a shekarar, a lokacin tana buga wa ƙungiyar Turbine Potsdam ta Jamus, inda ta fi kowa cin ƙwallo a kakar wasan. Duk wanda ya kalle su daga waje zai ce ƙasar nan ta gano wani sirri.

Sirrin kuwa gaggawa ce da kuɗi. Arzikin man fetur ya ɓullo a ƙasar a shekarun 1990, masu riƙe da harkar wasa suka so suna nan take. Renon 'yan wasa aiki ne na shekaru, sai an gina fili, an biya masu horarwa, an yi haƙuri da shan kaye. Sai aka bi gajeriyar hanya, aka riƙa ɗauko 'yan wasa daga Brazil da wasu ƙasashen Afirka ana ba su fasfo. Mu a wasan unguwa da na makarantu haya muke ce wa wannan. Don a yi adalci, ba laifi ba ne baƙo ya zama ɗan ƙasa ya buga mata wasa. Dokar FIFA ta yarda da haka idan a ƙasar aka haife shi, ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa, ko kuma ya zauna a cikinta shekara biyar. Ƙofa a buɗe take. Laifin shi ne a bar ƙofar a haura katanga, sannan a rubuta a takarda cewa ta ƙofa aka shigo.

Akwai wani abu da ya faru a gasar Jamus ɗin da nake so ku tsaya ku dube shi da kyau. A birnin Bochum suna wasa da Ostireliya. 'Yar wasan gaban Ostireliya ta buga ƙwallo ta daki turke ta dawo. 'Yar bayan Ikwatoriyal Gini mai suna Bruna, tana tsaye a gaban ragarsu, sai ta cafe ƙwallon da hannu bibbiyu kamar ita ce mai tsaron gida, ta riƙe ta na ɗan lokaci, sannan ta sake ta ta faɗi ƙasa. Wataƙila ta ɗauka an busa usur ne. 'Yan Ostireliya suka ɗaga hannuwa suna ihu, 'yan kallo suka ɗauki sowa, amma alƙaliyar wasa ba ta gani ba, ta ce a ci gaba. Babu fenareti, babu kati. Daga baya ta ba da haƙuri, don kyamara ta ɗauki komai, duniya kuma ta gani.

Rashin ganin alƙaliya bai mayar da hannu ya zama ƙafa ba. Abin ya faru, an rubuta shi, ko da wanda ke riƙe da usur ya juya baya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa sahabbansa a hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa shi mutum ne, suna kawo masa shari'a, kuma mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yanke masa hukunci bisa abin da ya ji. To duk wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan uwansa, kada ya karɓa, domin yankin wuta ne aka yanka masa. Subhanallah. Idan hukuncin Annabi da kansa bai halatta wa mai ƙarya abin da ya ƙwata ba, ina ga hatimin magatakarda? Ina ga sa hannun wani jami'i da aka cusa wa 'yan kuɗi a aljihu?

Sai takardu suka fara tona asiri ɗaya bayan ɗaya. A 2011 aka cire su daga wasannin share fagen Olamfik na Landan saboda sun sa Jade Boho, wadda tana da asali a ƙasar amma ta riga ta buga wa matasan Sifaniya, kuma ba a kammala ƙa'idar sauya ƙasa ba. Kamaru da suka fitar aka mayar wa gurbin, ita ce ma ta je Landan. A 2016 aka gano wata 'yar wasa da fasfo biyu, kowanne da ranar haihuwa daban. FIFA ta hana su neman gurbin Olamfik na 2020, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta cire su daga gasar 2016 ta ba Mali gurbinsu. A watan Oktoban 2017 FIFA ta sake samun hukumar ƙwallon ƙasar da laifin sa 'yan wasa 10 da ba su cancanta ba, ta kore su daga gasar duniya ta 2019, ta ci su tarar kuɗin Suwizalan 100,000.

Ba a ƙwace musu kofunan nan biyu ba, suna nan a tarihi da sunansu. Amma da suka je gasar 2018 a Ghana, a birnin Cape Coast, Zambiya ta ci su 5 da nema, Afirka ta Kudu 7 da 1, Najeriya 6 da nema. Ƙwallo 18 a raga cikin wasa uku, daidai adadin da suka zura wa wasu shekara shida kafin nan. Gasar 2022 ta Maroko ko gurbi ba su samu ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Da masu aron suka watse, sai aka ga babu abin da aka gina a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda aka zalunta ba tare da an ambaci sunansu ba. Ku tuna yarinyar da ta taso a Bata ko Malabo tana atisaye da tsohon takalmi, tana jiran ranar da za a kira ta, sai aka ba wata rigarta saboda an buga mata fasfo cikin dare. Ku tuna 'yan wasan ƙasashen da aka fitar, waɗanda ƙuruciyarsu ta wuce kafin gaskiya ta fito. Har ita Anonma, 'yar ƙasa ta haƙiƙa wadda ta ci sunanta da guminta, ba ta tsira ba. An yi ta yaɗa cewa wai ba mace ba ce, har Najeriya ta kai ƙorafi a 2010, kuma ita da bakinta ta shaida wa BBC cewa bayan gasar 2008 an tilasta mata tuɓe kayanta a gaban jami'ai, tana kuka. Ba a taɓa tabbatar da zargin a kanta ba. Wannan wulaƙanci ne da bai halatta a yi wa kowace mace ba, kuma waɗanda suka yaɗa maganar babu hujja suna da nasu kason, domin Allah Ya ce a Suratul Hujurat mu nisanci da yawa daga zato, sashen zato zunubi ne. Amma ku lura da yadda abin yake tafiya. Duk gidan da ha'inci ya shiga, mai gaskiyar cikinsa ma sai ya rasa mai yarda da shi.

To mu fa? Kada wani ya yi saurin nuna yatsa. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin shekarun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa, har aka karɓe damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Wannan a fili ne kawai. A gida kuwa, mutum nawa ne cikinmu ke da shekarun haihuwa biyu, na gaskiya da na aiki? Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi a yi takardar rantsuwa a kotu, a zaftare shekara huɗu don ya samu shiga aikin ɗamara. Ma'aikaci ya ga ritaya ta matso, sai fayil ya ɓace, sabo ya fito da sabuwar ranar haihuwa. A sayi takardar shaidar asalin wata ƙaramar hukuma da ko hanyarta ba a sani ba, don a cinye gurbin karatun 'ya'yanta. Uwa ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin cibiyar da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo, tana ganin gata ta yi wa 'yarta. A ɗauki sojan gona ya zauna wa wani jarrabawa. Duk muna kiran wannan dabara, ko taimako, ko mu ce ai kowa ma haka yake yi.

Sunansa a shari'a shaidar zur. A hadisin Abu Bakra, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana lissafa mafi girman manyan zunubai, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye yana kishingiɗe. Da ya zo kan maganar ƙarya da shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka ce ina ma ya yi shiru, don tausayinsa. A Suratul Hajji kuma Allah Ya haɗa hani biyu a aya ɗaya, ƙazantar gumaka da maganar zur. Wanda ya ɗaga hannu a kotu ya rantse cewa an haife shi a shekarar da ya san ba ita ba ce, me ya yi in ba wannan ba? Wanda kuma ya kai ga canza sunan mahaifi a fasfo don neman biza ko gurbi, ya ji tsoron hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas: duk wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, Aljanna ta haramta gare shi.

Muslim ya ruwaito cewa wata rana Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya tura hannunsa cikin tsibin, sai yatsunsa suka taɓo danshi. Ya tambaye shi mene ne wannan. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi ha'inci ba ya tare da ni. Ku duba, mutumin nan bai ƙirƙiri ruwan ba, ɓoye shi kawai ya yi. Yaya wanda ya zauna ya tsara ƙaryar, ya biya a buga ta, ya sa mata hoto da hatimi?

Na san uzurin da ake kawowa, kuma ba na raina shi. Yaro ya gama karatu a makare saboda yajin aiki da talauci, ga iyakar shekaru an gindaya a kan kowane aiki, ga ƙanne a bayansa. Wallahi akwai ƙunci a nan, kuma waɗanda suka tsara abin a haka za su amsa tambaya. Sai dai gurbin da ka samu da shekarun ƙarya ba daga sama ya faɗo ba, na wani ne da ya faɗi gaskiya, shi ma yana da ƙanne, shi ma mahaifiyarsa tana jira. Hadisin Hakim ɗan Hizam ya ce masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana, sai a sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, sai a shafe albarkar cinikinsu. Ba a ce kuɗin ba za su shigo ba. Za su iya shigowa, albashi ya riƙa sauka duk wata, a yi gida a yi mota. Albarkar ce ake ɗaukewa, kuma ita ba ta fitowa a takardar banki.

Wanda bai riga ya faɗa ba, don Allah kada ya fara, musamman ku iyaye. Ku yi wa jariranku rajistar haihuwa da ranar gaskiya tun suna cikin zani, ku riƙe takardar, kada ku zama ku ne farkon wanda ya koya wa yaro cewa ana rantsuwa a kan ƙarya. Malaman makaranta da masu horar da yara a filin unguwa, idan an ce gasar 'yan ƙasa da shekara 15 ce, ku kawo 'yan ƙasa da 15, ko da za a ci ku goma.

Wanda kuma ya riga ya shiga, ƙofar tuba ba ta rufe ba, amma tuban da ya shafi haƙƙin mutane ba ya cika da istigfari kaɗai. Idan takardar tana gyaruwa, ka je ka gyara ta, ko da za ka sha kunya a gaban ma'aikacin da zai tambaye ka dalili. Idan shekarun ritayarka na gaskiya sun cika, ka ajiye aikin ka ba na baya wuri. Idan lamarin ya cakuɗe, ya haɗa da albashin shekaru da iyali da ke ci daga ciki, kada ka yanke wa kanka hukunci, kuma kada ka nemi mai gaya maka abin da kake son ji. Ka samu malami mai tsoron Allah, ka zauna da shi ku biyu, ka faɗa masa ainihin shekarar da aka haife ka da yadda aka yi aka canza ta, ka tambaye shi abin da ya wajaba a kanka.