Suwar Dahab ya sauka daga mulkin ƙasa, ku kun kasa sakin hatimi

'Yan'uwana matasa, abin da na gani ranar Juma'a a taron wata ƙungiyarmu nan Gadarif ta ƙasar Sudan ya ɓata mini rai. Wa'adin shugaba ya cika tun bara, aka ce ya miƙa hatimi da littafin kuɗi, sai ya cusa hatimin a aljihun jallabiya, wai babu wanda zai iya sai shi. Ƙungiyar da duk dukiyarta tabarmi ce da kujerun roba da tukwanen biki!

A ƙasar Abdurrahman Suwar Dahab ake wannan? Ranar 6 ga Afrilu 1985, jama'a sun cika titunan Khartoum, shugaban ƙasa Ja'afar Numeiri yana ƙasar waje, soja suka karɓi mulki, Sudan kaf ta faɗo hannun wannan bawan Allah, ga bindiga ga baitulmali. Ya ce shekara ɗaya zai yi. Aka yi zaɓe a Afrilun 1986, ya miƙa wa farar hula, Sadiƙul Mahdi ya zama firaminista, shi kuwa ya koma hidimar da'awa, ana gina masallatai da makarantu a ƙasashen Afirka. Ya rasu a Riyad a 2018, aka binne shi a Baƙi'a.

Ku fa? Shugaban kulob ɗin ƙwallo ya ƙi sauka, ma'ajin kwamitin masallaci ya ƙi sauka, har mai riƙe da zauren WhatsApp na unguwa sai ya kori duk wanda ya ambaci zaɓe. Kuma ku ne da dare kuke zagin manya kan son mulki. Zagin ma ya zama muku sana'a, ba babba ba yaro, ga gulma a wurin mai shayi har a kira asuba. Numeiri ya yi shekara 16 a kan mulki ya ƙare da gudun hijira a Masar, Bashir ya yi 30 ya ƙare a kurkukun Kobar. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta; wanda ya ƙanƙame hatimi yau, in ya sami ƙasa me zai yi mana?

Ku ji tsoron Allah, ku gyara. Iyayenmu sai an yi ta roƙon mutum kafin ya karɓi limanci ko mai unguwa, wani har ya bar gari don kada a ɗora masa. Yanzu yaro bai ajiye iyali ba ya buga kati da sunan shugaba, ana kuwa yi masa kirari.