Puri: jihar da ta iya guguwa, taron ibada ya gagare ta

Da asubahin ranar 29 ga Yunin 2025, wajen ƙarfe huɗu, mutum 3 suka rasu a turmutsutsu a garin Puri da ke jihar Odisha, gabashin Indiya, wasu kimanin 50 suka jikkata. Jama'a ne suka yi dafifi a gaban ɗakin bautar Gundicha don su yi ido huɗu da abin bautarsu, lokacin Rath Yatra, bikin jan karusan gumaka na shekara-shekara, sai manyan motoci ɗauke da kayan hidimar bikin suka kutso cikin taron, kamar yadda rahotanni suka nuna. Kafin rana ta faɗi, babban ministan jihar, Mohan Charan Majhi, ya nemi gafarar masu ibada, aka sauya wa shugaban gundumar da shugaban 'yan sandanta wurin aiki.

Wani zai ce mutum uku a ƙasar da ke da mutane sama da biliyan guda ai ba labari ba ne. Ni kuwa a ganina labari ne babba, saboda inda abin ya faru da kuma kuɗin da aka riga aka kashe a kan wurin.

Puri ƙaramin gari ne a bakin tekun Bengal. Ƙidayar 2011 ta nuna mazaunansa sun ɗan haura 200,000. Amma yana cikin wurare huɗu da mabiya addinin Hindu ke burin ziyarta kafin su bar duniya, tare da Badrinath a arewa, Dwarka a yamma da Rameswaram a kudu. Abin da ke jan mutane shi ne ɗakin bautar Jagannath, wanda sarki Anantavarman Chodaganga ya soma ginawa a ƙarni na 12. Hasumiyarsa ta kai kusan mita 65, kuma kullum sai wani daga cikin masu hidimar wurin ya hau ta, ƙafa ba takalmi, ba igiya a ƙugu, ya sauya tutar da ke can ƙololuwa. A madafar ɗakin, da itace ake girki cikin tukwanen ƙasa da ake ɗora wata kan wata, tukunyar da aka dafa da ita yau ba a sake ɗora ta gobe. Abincin da ya fito ana sayar da shi a wata kasuwa ta cikin harabar, Ananda Bazar, inda mai kuɗi da talaka ke ci a wuri ɗaya. Maginan tukwane, masu faskare, masu kai shinkafa da masu masauki, duk a kan wannan gini suke cin abinci.

Wanda ba Hindu ba, ba ya shiga. A 1984 an hana Indira Gandhi, tana firaminista, saboda mijinta ɗan addinin Parsi ne. A 2005 an hana gimbiyar Thailand, Maha Chakri Sirindhorn, don ita mabiyar Buddha ce. Ba na cikin masu ɗaga murya kan wannan. Bahaushen da ya taɓa ganin allon da ke hanyar Makka yana karkatar da waɗanda ba Musulmi ba, ya san kowane addini na da hurumin da yake karewa. Sai dai wannan doka ita ce ta sa bikin Rath Yatra ya zama abin da ya zama. Sau ɗaya a shekara, a Yuni ko Yuli, ake fito da gumakan nan uku na katako, Jagannath da yayansa Balabhadra da ƙanwarsu Subhadra, a ɗora kowanne a kan karusa mai tsayin gidan sama. Ta Jagannath ƙafafu 16 gare ta, ta Balabhadra 14, ta Subhadra 12. Sarkin Puri, Dibyasingha Deb, kan hau ya share su da tsintsiya mai mariƙin zinariya, sannan dubban mutane su kama igiyoyi su ja su tafiyar kusan kilomita 3 zuwa Gundicha. A kwanakin nan kowa na iya gani, Hindu da wanda ba Hindu ba. Shi ya sa dubban ɗaruruwa ke tururuwa cikin garin da ba a gina shi don ya ɗauke su ba.

To ina gwamnati a nan? Tana tsundum a ciki. Tun bayan dokar 1955, kwamitin da gwamnatin jihar ke da hannu dumu-dumu a cikinsa ne ke tafiyar da ɗakin bautar. Kuma 'yan siyasar Odisha sun daɗe da gano cewa hanya mafi kusa zuwa akwatin zaɓe ta ƙofar Jagannath take bi.

Naveen Patnaik, wanda ya mulki jihar shekara 24, ya sa an share duk abin da ke cikin mita 75 kewaye da katangar ɗakin. Tun 2019 aka shiga rushe shaguna da gidaje da tsofaffin mazaunan malaman addinin, waɗanda suka yi kama da zawiyoyi, har da Emar Matha mai ɗaruruwan shekaru. Masu ƙorafin cewa haƙe-haƙen na iya taɓa tsohon ginin sun kai ƙara, Kotun Ƙolin Indiya ta yi watsi da ita a Yunin 2022. Aikin ya ci kusan rupi biliyan 8, aka buɗe shi ranar 17 ga Janairun 2024, watanni kaɗan kafin zaɓe. Jam'iyyar BJP ta su Majhi, wadda ke adawa a jihar a lokacin, ba ta tsaya kallo ba. Ta ɗauko batun makullan taskar zinariya da duwatsu masu daraja ta ɗakin, Ratna Bhandar, waɗanda aka ce sun ɓace tun 2018, ta yi ta yawo da shi a dandalin kamfe. Ta ci zaɓe. Shawarar farko da majalisar zartarwar Majhi ta yanke ita ce a buɗe dukan ƙofofi huɗu na ɗakin, waɗanda aka rufe uku daga cikinsu tun lokacin korona. Ranar 14 ga Yulin 2024 aka buɗe taskar, wadda a lokacin rabon da a ƙirga abin da ke cikinta tun 1978.

Ba zan ce waɗannan ayyuka banza ba ne. Lungunan da ke manne da katangar sun yi matsi ƙwarai, kuma da gobara za ta tashi a can, motar kashe wuta ba ta da ta inda za ta bi. Buɗe ƙofofi ya rage dogon layi. Dukiyar da mutane suka bayar don ibada kuwa dole a san yawanta. Amma dubi irin ayyukan: fili mai shimfiɗaɗɗen dutse, ƙofa, taska. Duk abubuwa ne da ake iya tsayawa a gabansu a ɗauki hoto. Mutanen nan uku kuwa ba a nan suka mutu ba. A ɗaya ƙarshen titin suka mutu, kilomita uku daga sabon filin. Ko a bikin 2024, wanda shugabar ƙasa Droupadi Murmu ta halarta, an rasa rai cikin cunkoson jan karusa. Gargaɗi ya zo, shekara ta zagayo, aka sake.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Odisha ta fi kusan kowace jiha a Indiya iya ceton rai. A 1999 wata guguwa ta hallaka mutum kusan 10,000 a jihar. Suka koyi darasi. Da guguwar Fani ta faɗo a kan Puri ɗin nan kanta ranar 3 ga Mayun 2019, an riga an kwashe sama da mutum miliyan ɗaya zuwa mafaka, kuma waɗanda suka mutu a jihar ba su kai 100 ba. Jami'an da suka iya wannan cikin 'yan kwanaki, su ne kuma aka ce sun kasa hana mota shiga cikin taron da aka san ranarsa tun bara? Rashin iyawa ba shi ne ba. Idan guguwa ta taso, umarni daga wuri ɗaya yake fitowa, ba mai cewa a buɗe masa hanya don shi babba ne. A biki kuwa akwai 'yan sanda, akwai kwamitin ɗakin bauta, akwai rukunonin masu hidima da suka gaji aikin kaka da kakanni, kowa da ikonsa, ga jerin motocin masu mulki da ake tsaga jama'a dominsu. Jirgin da matuƙansa suka yi yawa, ba a rasa shi da karo.

Mu da muka yi ta karɓar gaisuwar alhazanmu bayan turmutsutsun Mina a 2015, ba sai an faɗa mana yadda ake ji ba idan mutum ya tafi ibada aka dawo da jakarsa kaɗai. Mun kuma san cewa sauya wa jami'i wurin aiki ba ya gyara hanyar da mutane za su bi baɗi.

Gasar ma ƙaruwa take yi. A Afrilun 2025 gwamnatin maƙwabciyar jihar Bengal ta Yamma, ƙarƙashin Mamata Banerjee, ta buɗe nata sabon ɗakin bautar Jagannath a garin Digha, shi ma a bakin teku, aka shiga cacar baki da Odisha kan ko ya halatta a kira shi da laƙabin da Puri ke taƙama da shi. Manya suna ta faɗa a kan suna.

Karusan Puri sababbi ake sassaƙawa kowace shekara. Kafintocin kan fara aiki a ranar Akshaya Tritiya, kusan wata biyu kafin bikin, a gefen babban titin da za a ja su, kuma suna gamawa a kan lokaci. Wata biyun nan sun ishi gwamnati ta zana hanyar shiga daban da ta fita a filin Gundicha, ta tsayar da sa'o'in da ba motar da za ta kusanci taron ko ta waye, ta kuma bayyana tun da wuri sunan jami'i guda ɗaya da zai amsa tambaya idan wani abu ya faru da ƙarfe huɗun asuba.