Idan fairuz ya sauya launi, ba gaibu yake faɗa ba

Fairuz, shuɗin dutsen nan da ake ɗorawa a kan zoben azurfa, ya daɗe da farin jini. Misirawan dā sun haƙo shi a Sina'i, har yana cikin adon fuskar zinariyar Fir'auna Tutankhamun, kuma har gobe na Naishabur a Iran ake ɗauka zakaran gwajin dafi. Farisawa sun ɗaura shi don kambun baka, mahaya kuma suna maƙala shi a linzami wai kada doki ya kā da su.

Camfin da ya fi yaɗuwa shi ne wai idan shuɗin ya koma kore, ciwo ko masifa na tafe. Sauyin launin gaskiya ne, fassarar ce ta kauce hanya. Jan ƙarfen da ke cikin dutsen shi ke ba shi shuɗi, kuma jikinsa cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Gumi, turare, man shafawa da sabulu suna shiga kafofin nan su zauna, zafin rana ko na wuta kuma ya busar da ɗan ruwan da ke cikinsa. A hankali sai ya dushe, kuma da wuya ya dawo. Abin da ke damuna shi ne mutumin da zai ga zobensa garau ya ɗauka lafiyarsa ƙalau, ya ƙi zuwa asibiti. Kariya ta Allah ce, dutse ado ne.

Mai son nasa ya daɗe, ya cire shi kafin wanka, wanki ko shafa turare, ya goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi. Taurinsa 5 zuwa 6 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, yashi kuwa 7, don haka ko ƙura na iya karce shi; a ajiye shi a 'yar jaka shi kaɗai.

Sai batun jabu, inda masu tallar "asiri" ke cin kasuwarsu. Sau da yawa farin dutsen howlite ne aka rina. A jiƙa auduga da ruwan goge jan farce a murza bayan dutsen: idan ta ɗauko shuɗi, rini ne. Na roba kuwa ba shi da nauyi, ba shi da sanyi a tafin hannu. Akwai kuma na gaske da aka ɗura wa ƙaro ya toshe kafofinsa. Wannan ba ya saurin sauya launi, kuma wajibi ne mai sayarwa ya faɗa kafin a yi ciniki.