Wa Zai Biya Malamin Ajin Yamma?

Jama'a, ba mu da rowa in ana maganar gudummawa. A kafa gidauniyar ginin masallaci, ko a ce taransifomar unguwa ta ƙone, kafin sati ya zagayo kuɗi sun haɗu. Amma a ce kowane gida ya riƙa ba da naira 500 duk wata don malamin da ke koya wa iyayenmu mata da ƙannenmu karatu, sai guruf ɗin WhatsApp ya yi tsit.

Na sha ganin yadda ake buɗe irin waɗannan azuzuwa. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an ɗaura lasifika, mai unguwa ya zo, mai neman kujerar kansila ya kawo allo da katan ɗin littattafan rubutu, an ɗauki hoto. Daga nan a samo wani matashi mai takardar NCE da ke zaman jiran aiki, a ce masa, "Malam, ka taimaka saboda Allah." Ya kuwa amsa. Kullum bayan la'asar yana nan, kuɗin mota daga aljihunsa, wani lokaci har alli shi ke saye. Ran da ya samu adaidaita sahu na haya, ko damina ta faɗi gona ta kira shi, aji ya watse. Wa zai ga laifinsa? Dattijuwar da ta fara haɗa baƙi da wasali ta koma dangwale, ta koma miƙa wa mai POS wayarta ya duba mata ko kuɗin da ɗanta ya turo daga Legas sun shigo, abin da ya faɗa shi ke nan.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Arewa. A shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai don sababbin masu karatu su sami abin karantawa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, har UNESCO ta ba ta lambar yabo, gwamnatin tarayya kuma ta kafa tata a 1990. Hukumomin suna nan, amma ba za su shiga kowane lungu ba. Taimakon waje kuwa yana da ranar ƙarewa. Littattafan "Mu Karanta" da aka raba wa 'yan firamare a Bauchi da Sakkwato da kuɗin hukumar tallafi ta Amurka, USAID, aka yi su, a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne. Ban musa ba, dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, mu ci gaba da neman haƙƙinmu. Amma matar da ta kai shekara 45 ba za ta zauna a aji ɗaya na firamare ba, yaron da ke aji huɗu bai iya karanta sunansa ba kuma ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Abin da ke ba ni mamaki, muna da tsarin a hannu tun kaka da kakanni. Malamin allo ba da bikin buɗewa ya rayu ba, da kuɗin Laraba ya rayu, kaɗan-kaɗan amma ba fashi. Me ya hana mu yi wa malamin ajin yamma haka? Gida 60 a naira 500 ya ba da naira 30,000. Bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, amma ya ishi mutum ya riƙe awa biyu na yammacinsa bai sayar wa wani aikin ba.

Kuɗin kada su zauna hannun mutum ɗaya, kuma kada a jingina su ga Alhaji guda, don ran da aka ɓata da shi an rufe aji. A ba uwar adashin da matan unguwa suka riga suka yarda da ita ta riƙa karɓa, limami ko mai unguwa ya sa hannu, a karanta lissafin a bainar jama'a duk ƙarshen wata. Ajin mata kuma a samo masa malama, a yi shi cikin gida da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, don maigida da yawa ba zai bar matarsa ta fita da yamma ba.