Kafin a kira Favour Ofili maciya amana

Tun da labari ya bazu a 2025 cewa Favour Ofili ta nemi daina wakiltar Najeriya ta koma yi wa Turkiyya tsere, kalmar cin amana nake ta ji a majalisun Agege da teburan masu shayi na Obalende a nan Legas, wuraren da ba a saba zancen wani wasa ba in ba ƙwallon Ingila ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya ba su taɓa zama sun kalli tseren mita 200 na mata har ƙarshensa ba, alhali bai kai rabin minti ba.

A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, an hana 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya shiga fili, kuma Ofili na cikinsu. Ba a kama su da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba. Gwaje-gwajen da ƙa'ida ta wajabta a yi musu kafin gasar ne ba a cika ba, wannan kuwa aikin hukuma ne. Bayan shekara uku, a gasar Olamfik ta birnin Paris, ta cika sharaɗin shiga tseren mita 100, amma jami'anmu ba su miƙa sunanta ba. Ta haɗiye takaicinta ta shiga na mita 200, ta kai zagayen ƙarshe, ta zo ta shida. Sau biyu ke nan a jere ana zubar mata da gumin shekaru a kan takardar da wani ya kasa cikewa a ofis.

Ɗan kasuwar da ke sauke tumatir a kasuwar Mile 12 ya san hukuncin direban da ya bar masa kaya suka ruɓe a hanya sau biyu: zai nemi wani, kuma babu wanda zai ce ya ci amanar garinsu. Tsere ma sana'a ce, sana'ar da ba ta da tsawon kwana, domin tsagewar jijiya ɗaya na iya rufe ta. A Paris hukumar guje-guje ta duniya ta biya dala 50,000 kan kowace lambar zinare, a gasar Athlos ta mata zalla da aka fara a New York a 2024 kuwa wadda ta yi nasara a kowane tsere ta tafi da dala 60,000. Kamfanonin takalma da masu shirya manyan gasannin guje-guje na Diamond League suna duba wadda aka gani a zagayen ƙarshe ne. Wadda aka cire sunanta an taɓa abincinta kai tsaye.

Masu cewa ƙasa ce ta raine ta don haka dole ta rama alheri, sai su tuna cewa a jami'ar jihar Louisiana ta Amurka aka goge ta, kamar yadda 'yar tsere Tobi Amusan ta samu nata horon a El Paso, shi ma a Amurka. Wanda ke neman ganin rainon da muke yi wa 'yan tsere ya leƙa babban filin wasa na Surulere, wanda ya karɓi gasar wasannin Afirka a 1973, ya ga shekarun da ya yi a yashe.

Ga shi kuwa matan nan ne ke rufa mana asiri. Chioma Ajunwa ce ta kawo zinaren dogon tsalle daga gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da mita 7.12. Lambobi biyu kacal muka samu a Tokyo, kuma duka mata ne suka ciyo su: tagullar Ese Brume a dogon tsalle da azurfar Blessing Oborududu a kokawa. Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge da daƙiƙa 12.12 a 2022. A Paris mun dawo hannu rabbana, amma Annette Echikunwoke, ɗaya daga cikin goman da aka hana a Tokyo, ta ci azurfa a jifan guduma da tutar Amurka, haka ma Salwa Eid Naser, haifaffiyar Anambra, ta ci wa Bahrain azurfa a mita 400. Mu Hausawan Legas ma ya kamata mu sassauta murya, tun da 'ya'yanmu mata da muke bari su taka filin gudu bayan firamare ba su taka kara sun karya ba.

Gyaran ba ya buƙatar dogon taro. A kori duk jami'in da sakacinsa ya hana 'yar wasa shiga gasa, a fitar da jerin sunaye a bainar jama'a kafin wa'adi ya cika, kuɗin horo kuma ya shiga asusun 'yar wasa ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Gasar Olamfik ta Los Angeles ta 2028 na tafe, kuma 'yan matan da ke atisaye a filin kwalejin fasaha ta Yaba da sassafe sun ga yadda aka yi da yayarsu.